Tun da muka rabu da babansu yarana suka canza: in kai su wajen likitan ƙwaƙwalwa?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar shekara 33 ce, ina zaune a Kano. Shekara ɗaya da rabi ke nan da rabuwarmu da baban yarana, namiji ɗan shekara 10 da mace 'yar shekara 7. Suna hannuna a gidan iyayena. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan zo ya ɗauke su, ya dawo da su ranar Lahadi da magariba. Ba mu rabu ta daɗi ba, kuma har yau kusan duk zuwansa sai mun yi cacar baki a soro, ko a kan kuɗin makaranta ko a kan kayan sawarsu, yaran suna tsaye suna kallo. Idan ba ya son magana da ni sai ya ba babban yaron saƙo, "ka gaya wa uwarka kaza." Ni ma ba zan ɓoye miki ba, idan sun dawo nakan tsare su da tambaya, me amaryarsa ta ce, me ta ba su suka ci.

Yanzu babban ya zama mafaɗaci, an kira ni makaranta saboda ya daki yara, karatunsa ma ya ja baya. Ƙaramar kuma ta koma fitsarin kwance bayan ta daina tun tana 'yar shekara 3, kuma duk Alhamis da dare sai ta ce cikinta na ciwo. Shugabar makarantarsu ta ce in kai su wajen likitan ƙwaƙwalwa. Mahaifiyata ta ce ba wanda zai kai mata jikoki wajen mahaukata, sammu ne daga gidan uban, a yi musu rubutu a hana su zuwa. Kaina ya ɗaure. In kai su asibitin? In hana su zuwa wajen babansu?

Wata uwa, daga Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yaran nan lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya. Na ji daɗi da kika faɗi naki ɓangaren ba ki jibga komai a kan babansu ba, domin da wannan gaskiyar taki za mu yi aiki.

Ki kai su. Shugabar makaranta ta yi miki abin arziki da ta kira ki ta faɗa miki, wata da bulala za ta bi yaron har ya tsani aji. Amma ki sani tun yanzu, ko likitan da ya fi kowa ƙwarewa ba zai warkar da gyambon da yake wankewa ranar Talata ana fama shi a soro ranar Juma'a ba. Rabin maganin yaran nan yana hannunki da na babansu, kuma wannan rabin ba ya buƙatar kati ko layin asibiti.

Bari mu fara da ƙaramar, don nata ya fi saurin dubawa. Yarinyar da ta shekara 4 ba ta jiƙa katifa ba sannan ta koma, ruwa ba ya tsami banza. Damuwa tana kawo haka, amma kafin a ɗora wa damuwa sai an duba jiki. Ki kai ta sashen yara a yi mata gwajin fitsari. Ciwon sanyin mafitsara, ciwon suga, tsargiya ga yaran da ke wanka a kududdufi, sikila, har taurin bayan gida, duk suna iya sa yaro fitsarin kwance. Kafin sakamako ya fito da bayan ya fito, kada a doke ta, kada a fito da katifarta tsakar gida a gaban yara ana kiranta amalala. Ba da gangan take yi ba, kuma kunyar da take ji da asuba ta ishe ta. Ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, ki rage mata shayi da lemo da daddare, ta zaga kafin ta kwanta, in an samu tsautsayi ku wanke tare ba tare da kowa ya ji ba.

Ciwon cikin Alhamis kuwa na gaske ne, ba ƙarya take yi ba. 'Yar shekara 7 ba ta iya cewa "Mama ina fargabar gobe", sai jikinta ya faɗa a madadinta. Abin da ya kamata a gano shi ne goben me take tsoro: ihun da ake yi a soro, ko wani abu da ke can gidan. Zan dawo kan wannan.

Babban shi ya fi tsaya min a rai. Ki ɗan tsaya a inda yake tsaye. An ba shi saƙo a mota, ya riƙe shi a baki tun daga can har ƙofar gida, ya san in ya faɗa fuskarki za ta canza. Ya faɗa, fuskarki ta canza, kin mayar da martani mai zafi, shi ne a gabanki ba uban ba. Ranar Juma'a kuma ya ɗauki naki ya kai, ya ga ran babansa ya ɓaci. Yaro mai hankali yakan fara rage saƙon, ya ɓoye wani ya gyara wani, sai a wayi gari ana ce masa maƙaryaci, alhali kare ku yake yi daga juna. Ba ya iya huce haushinsa a kanki, ba ya iya hucewa a kan babansa, sai ya sauke a kan yaron da ya taka masa ƙafa a layin shiga aji. Kuma kan da ke cike da lissafin me zai faɗa wa wa ba ya da sauran wurin lissafin allo.

Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, John Grych da Frank Fincham, sun yi bayani tun 1990 cewa ba kowane saɓanin iyaye ne ke illata yaro daidai ba. Wanda ya fi yi masa ɓarna shi ne mai yawan maimaituwa, mai zafi, wanda ba a taɓa ganin an sasanta ba, kuma wanda ake yi a kan yaron kansa. Ki duba naku, ya haɗa duka huɗun. Idan kuna faɗa a kan kuɗin makaranta, ke kina ganin haƙƙin ɗanki kike nema, kuma haƙƙinsa ne. Shi kuwa abin da kunnensa ke ji shi ne, "ba don ni ba da ba su yi faɗa ba."

Kada wannan ya karya miki gwiwa. Wata masaniya mai suna Mavis Hetherington ta bibiyi iyalai kusan 1,400 na tsawon shekaru wajen 30, ta samu cewa kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na 'ya'yan da iyayensu suka rabu sun tashi lafiya ƙalau. Amurka ba Kano ba ce, amma mu ma ganau ne. Wace unguwa ce babu malami ko ɗan kasuwa ko uwar gida mai mutunci da suka tashi a hannun kaka ko a matsayin agola? Mutuwar aure kaɗai ba ta cika lalata yaro ba. Yaƙin da ake ci gaba da yi bayan an ba da takarda shi ne ke cinsa.

Yanzu me ake yi wa yaro a wajen waɗannan likitocin, tunda shi ne abin da ke tsorata Hajiya mahaifiyarki? Ba a ɗaure shi, ba a kwantar da shi, kuma irin matsalar yaranki ba da ƙwaya ake fara ta ba. Zaman farko yawanci da ke za a yi: yaushe abin ya fara, yaya barcinsu, yaya cin abincinsu, me malamai suka ce. Daga nan a riƙa ganin yaro shi kaɗai, galibi sau ɗaya a mako, minti 45 zuwa awa ɗaya. Ƙaramar za a iya ba ta takarda da fensir mai launi a ce ta zana gidansu, ko a ba ta 'yar tsana ta yi wasan gida. Yarinyar da ba za ta amsa tambaya ba takan sa 'yar tsanarta ta ɓuya a bayan kujera idan "baba ya zo", mai lura kuma ya tambaye ta a hankali me 'yar tsanar ke tsoro. Babban za a fi yi masa hira. A koya masa gane alamar fushi a jikinsa kafin hannu ya tashi, zuciya na bugawa, kunne ya yi zafi, da abin da zai yi a wannan ɗan lokacin: ja da baya, jan numfashi, zuwa wajen malami. A gyara masa tunanin da ya ƙulla cewa shi ne silar rabuwarku. Akwai wani darasi da nake matuƙar so, wanda ke cikin wani shiri na ƙungiyoyin yara a makarantu da JoAnne Pedro-Carroll ta fara a Rochester ta jihar New York a farkon shekarun 1980. Ana koya wa yaro raba matsaloli gida biyu, waɗanda zai iya warwarewa da waɗanda ba nasa ba ne. Aikin gida da faɗa da abokai nasa ne. Kuɗin makaranta da komen Mama ba nasa ba ne, ya ajiye su. Ɗanki yana ɗauke da kayan manya, yana buƙatar wani babba ya ce masa ya halatta ya sauke.

Tunda kina Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kina iya shiga ta sashen yara su tura ki, wanda zai fi yi wa Hajiya sauƙin haɗiya fiye da jin sunan asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Masu karatu na wasu garuruwa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Ki nemi a haɗa ki da wanda ya saba aiki da yara, likita ne ko masanin halayya. Ki shirya haƙuri, domin likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, masu kula da yara a cikinsu kuma 'yan ƙalilan. Ki guji duk wanda zai rubuta wa yaro maganin barci a zaman farko bai saurare shi ba, da wanda zai mai da abin da yaro ya faɗa masa makamin da za ki kai kotu. Yaro in ya gane hirarsa tana komawa bakin manya, ya rufe baki ke nan.

Saboda ƙarancin nan na likitoci nake son ki ji wani bincike. A Jami'ar Jihar Arizona, Sharlene Wolchik da Irwin Sandler sun ɗauki iyalai 240 na matan da aurensu ya mutu, masu 'ya'ya 'yan shekara 9 zuwa 12. Wasu iyayen aka koyar da su su kaɗai, wasu aka koyar da su kuma aka haɗa 'ya'yansu a rukuni, wasu aka ba su littattafai kawai. Bayan shekara 6, a sakamakon da aka wallafa a 2002, 'ya'yan matan da aka koyar sun fi na 'yan littattafai ƙarancin matsalar ɗabi'a da ta damuwa. Haɗa yaran a rukuni kuma bai nuna wani bambanci a fili a kan koyar da uwa ita kaɗai ba. Me aka koya wa iyayen? Keɓe wa kowane yaro ɗan lokaci nasa shi kaɗai, sauraronsa ba tare da katse shi ba, yaba masa in ya yi daidai, tsayawa a kan doka ɗaya a gida ba yau zafi gobe sake ba, da kawar da shi daga wurin faɗa. Babu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfinki. Minti 15 bayan isha'i, wayarki a ajiye, ke da babban kuna ludo ko yana ba ki labarin ƙwallo, ba tambayar gidan uba, ba wa'azi.

Maganar soro kuwa, a daina haɗuwa kawai. Ba dole ne ku ga juna ba. Kawunsu ko kakansu ya fito da su da jakarsu a shirye, ko baban ya ɗauke su daga makaranta ranar Juma'a. Kuɗin makaranta ya tura kai tsaye asusun makaranta, na ciyarwa ya tura ta banki, kowa yana da shaida. Abin da ya zama dole a faɗa a rubuta saƙon waya, gajere, kan yara kawai. Ki nemi wani babba a danginsa da yake jin nauyinsa, baffansa ko yayansa, ya zauna da mahaifinki a tsayar da wannan a rubuce. In hakan bai yiwu ba akwai liman da mai unguwa, akwai Hisbah da ke zaman sulhu irin wannan kullum, kotu kuma tana nan a ƙarshe don tsayar da kuɗin ciyarwa. In an sake ba yaron saƙo, kada ki amsa ta bakinsa. Ki ce, "Na gode, wannan maganar manya ce, zan yi da Baba, je ka ci abinci."

Sai naki, 'yar'uwa, kuma na san yana da ciwo. Tambayoyin ranar Lahadi su tsaya. Na fahimci abin da ke sa ki, uwa ce ke, 'ya'yanki sun kwana biyu a hannun wata. Amma yaran sun gane amsar da ke faranta miki da wadda ke ɓata miki. In amarya ta yi musu kirki suka faɗa, sun ga kin yi shiru. In suka ce ba ta yi ba, sun ci amanar gidan babansu. "Sannunku da zuwa, na yi kewarku" ta wadatar, abin da suke son faɗa zai fito da kansa wajen wanka ko wajen tsifar kai. Kuma wata rana ki zaunar da su ki faɗa musu da bakinki: "Ba ku kuka raba mu da Baba ba, kuma ba aikinku ba ne ku haɗa mu. Ku so babanku, ba zan ji haushi ba." Za ki maimaita fiye da sau ɗaya kafin su yarda. Kalmar "halin ubanka" kuma a cire ta daga gidan, har a bakin kakanni, domin yaro ya san jininsa ne, duk zagin da aka yi wa uban a jikinsa yake sauka.

Hajiya ki bi ta da ladabi, ƙaunar jikokinta ce ke magana. Addu'a ba ta hana asibiti. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana nema wa Hasan da Husaini tsari da cikakkun kalmomin Allah, ku ma ku tofa musu Falaƙi da Nasi kowane dare, hannun kaka a kan jika ma kansa kwanciyar hankali ne. Abin da nake roƙo a bari shi ne faɗa a kunnensu cewa matar babansu ta yi musu sammu. Ki duba halin yarinyar da aka ce mata haka, sannan gobe aka ajiye mata kwanon tuwo daga hannun wannan matar. Yaya cikinta ba zai yi ciwo ba? Haka nan duk ruƙiyar da za a yi da duka ko tsawa ko turnuƙe yaro da hayaƙi, ki tsaya tsayin daka ki hana.

Hana su zuwa wajen babansu ban goyi baya ba, a kan abin da kika rubuto. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa da tufatarwa kuma a wuyan uba. Matar da ta kai ƙara wajen Annabi cewa mijinta ya sake ta yana son ƙwace ɗanta, ce mata ya yi ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. To amma riƙo bai ba ki ikon yanke su daga mahaifinsu ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa, a wuri guda. In kika hana, shi ma zai riƙe kuɗi, ko ya zo ya kwashe su da ƙarfi, yaran su tashi daga ganin cacar baki zuwa ganin 'yan sanda.

Akwai togiya guda, kuma babba ce. Na ce zan dawo kan ciwon cikin Alhamis. Ki lura da jikin yarinyar idan kina mata wanka. In kin ga shatin duka, ko ƙuna, ko tana jin zafi a gabanta, ko ta fara maganar da ta fi shekarunta, ko tana firgita da sunan wani mutum takamaimai a can gidan, to magana ta canza. Kada ki sa mata amsa a baki da "wane ya taɓa ki ko?" Ki ce kawai, "Ba ni labarin abin da ba kya so a can," ki saurara ba tare da ihu ba, ki kai ta asibiti a ranar. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke karɓar irin wannan. A nan dakatar da zuwa wajibi ne, kuma ta hannun hukuma za a bi. Haka babban, in ya fara cewa gara ya mutu, ko ya ji wa kansa ciwo, ko ya daina cin abinci, ko ya fara kwana a waje, kada ki jira ranar da aka ba ki a kati.

Ki sanar da babansu kafin ki kai su, ta bakin wannan babban da zai shiga tsakani, kuma a gayyace shi. Kada a kai masa maganar da sigar "ga abin da ka jawo". A ce masa makaranta ta yi ƙorafi, likita yana son jin ta bakin uba. Maza da yawa da ba za su saurari tsohuwar matarsu ba sukan saurari likita ko shugabar makaranta. In ya ƙi, ki ci gaba da naki. Faɗa sai da mutum biyu, ranar da ya zo soro bai tarar da abokin yi ba, rabin abin da yaran ke gani ya tafi.

Kada ki sa ran canji a mako guda. Barci da cin abinci sukan fara daidaita, faɗan makaranta ya biyo baya, maki da fitsarin kwance sukan ɗauki watanni. Ki roƙi malamin ajin babban ya riƙa sanar da ke ranar da ya yi abin kirki, ba sai ranar da ya yi duka ba. Ke ma idan kin shiga wajen likitan, ki faɗa masa yadda kike barci da yadda kike kuka, domin shekara ɗaya da rabi kina zawarci a ɗakin gidanku da yara biyu da rigimar kuɗi ba ƙaramin nauyi ba ne. Ki samu 'yar'uwa ko aminiya da za ki riƙa sauke mata, don kada ɗan shekara 10 ya zama shi ne abokin shawararki. Allah ya shirya mana zuri'a.

Taki,
Anti